Kentiyar da Ta Yi Zaman Kwalekwale

Clarrie Hembrow ya ƙare rayuwarsa yana hawan kentiya, wata bishiya dangin dabino, ni kuma na ƙare tawa a gindinta, ina tsince abin da ya jefo, ina zaginsa in ya same ni a ka. Haka muka yi aiki tun muna samari. Shi ya zura ƙafafunsa cikin madaurin buhu, ya rungumi bishiya ya yi sama, ya karyo gungun 'ya'ya. Ni in ɓare, in cika buhu, in goya, ƙafata tana zurmawa cikin ramukan tsuntsayen teku da suka huda ƙasan dajin. Irin da muka tara jirgi ke kwashewa. Duk wanda aka haifa a tsibirinmu na Lord Howe ya san kentiya ce ta ɗinka masa wando, domin asalinta nan ne, babu wani wuri, kuma duniya ta ƙwallafa rai a kanta.

Abin da Clarrie bai taɓa yarda da shi ba shi ne abin da ake yi da ita can ƙetare.

"A falo suke ajiye ta," nakan gaya masa, "cikin tukunya, kusa da kujera."

"Bishiyar da nake hawa?"

"Ita fa."

"To, wa ke hau musu?"

"Ba ta kai a hau ta."

"Wal, ka tsufa da ƙarya," in ji shi, ya sake jefo mini gungu a ƙeya.

Bai taɓa barin tsibirin ba sai da matarsa Nola ta kwanta. Nola gajeriya ce mai dariyar da ake ji daga kan dutse, ita ke wa masaukin baƙi wanki. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya kai wa wani kuka a kai ba. Da ciwo ya fi ƙarfin ɗan asibitinmu, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Sydney, Clarrie ya bi ta da takalman da bai sa ba tun ranar aurensu.

A can ya gani da idonsa. A kusurwar barandar asibitin, tsakanin kwandon shara da injin ruwan sha, ga kentiya a tukunya, tsayinta bai wuce nasa ba, ganyenta ya yi ƙura. Ya ce mini ya tsaya a gabanta ya cire hula. Ya kuma rantse ya gane ta, wai jikar Doguwa ce, tsohuwar kentiyar da ke bayan kejin kajina. Iri buhu-buhu muke turawa kowace shekara, amma ka je ka gaya wa Clarrie.

Nola ta sa ya jawo tukunyar gefen gadonta. Magani ya ɓata mata baki, ba ta iya shanye shayin safe, sai ta riƙa kurɓa sau biyu ta juye wa bishiyar sauran. Clarrie kuwa kullum sai ya kama ta ya girgiza, wai don ta san abin da ake kira iska, har masu jinya suka saba.

"Dubi yadda ta koɗe," in ji Nola wata safiya. "Ni dai na san za a mai da ni gida, ko a akwati ne. Ita fa, wa gare ta? Ka mai da yarinyar nan gida, Clarrie."

"Zan mai da ita."

"Ƙafarta a ƙasarmu nake nufi, ba a baranda ba."

"Na ji, Nola."

Ta rasu a makon. Gawarta ta biyo jirgin sama, muka haƙa mata kabari a rairayi kamar yadda muke yi wa kowa. Kafin ya taso daga Sydney, Clarrie ya ɗora kentiyar a keken marasa lafiya, ya lulluɓe ta da bargo, ya tura ta har bakin titi. Ya ce mai gadi ne ma ya riƙe musu ƙofa, ya yi mata fatan samun sauƙi. Daga nan ya sa ta a jirgin ruwan da ke kawo mana gari da man fetur.

Sai dai a kan gadar sauke kaya akwai Glenys.

Glenys ƙanwar Nola ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita hukuma ta ɗora kan duba duk abin da zai shigo tsibirin. Tana leƙa buhun dankali, tana shinshina kwali. Ta taɓa tsayar da wani babban baƙo da safa kawai, tana kankare masa taɓon takalmi. Ban ga laifinta ba. Ɓeraye ma daga jirgi suka sauko zamanin kakanninmu, suka cinye mana tsuntsaye, suka koma kan irin kentiya. Tun daga nan ba ma wasa da baƙo, ko da ganye ne.

Ƙugiyar jirgi ta ɗago tukunyar tana lilo a sama, rabin tsibiri na kallo, domin ranar jirgi babu mai zama a gida. Glenys ta ɗaga hannu, mai injin ya tsaya.

"Mijin Yaya, mene ne wannan?"

"Idonki ya mutu ne? Kentiya ce."

"Tsiro mai rai ne, da ƙasar waje a gindinsa. Ba ya sauka."

"Ke Hukuma, 'yar gida ce. Da hannuna na ciro ta."

"Ta yi zaman waje. Allah kaɗai ya san abin da ta kwaso."

"Yayarki ma ta yi zaman waje, ai kin bari an sauke ta."

Glenys ta sake cewa, "Ba ya sauka."

Kyaftin ya ce shi ba zai koma da ita ba, aikinsa kawowa ne. Mai injin ya ce hannunsa ya gaji. Ganin haka Clarrie ya gangara ya turo kwalekwalensa ƙarƙashin ƙugiya, aka sauke tukunyar a ciki, ya ɗago kai ya ce, "Ruwa ma naki ne?"

Ta yi tunani da gaske, domin Glenys ba ta amsa tambaya da ka. "Ruwa ba ƙasa ba ne," ta ce.

Da a nan ya tsaya, da wata rana an gaji an sasanta. Amma Clarrie in ya ga ƙofa sai ya sa kafaɗa. Ya miƙe tsaye cikin kwalekwale ya fara wa'azi. Ya nuna cediyarmu mai tafiya, wadda ke sauke saiwa daga reshe ta kafa sabuwar ƙafa, wadda ta riga ta taka rabin makiyayar gidansu Glenys. Ya kawo zancen farin furen biki, mai buɗewa da safe ya mutu da yamma, wanda masana suka ce danginsa duk suna Afirka.

"Wa ya duba takalminsu? Wa ya tsayar da kentiyar farko a kan gada?"

"Waɗannan da ƙafarsu suka zo," in ji Glenys. "Iska ta kawo, teku ta kawo, tsuntsu ya kawo. Abin da ya zo da kansa ɗan ƙasa ne. Abin da hannu ya kawo shi ne baƙo."

"In ta zo da kanta fa?"

"In ta zo da kanta, ni zan fara yi mata sannu da zuwa."

Magana zarar bunu. Ta faɗa a gaban fasto biyu da kyaftin, ba damar janyewa. Sai ta gindaya sharaɗi: ya kai kwalekwalen tsakiyar tafki, wato ruwan nan mai kwanciya tsakanin gaɓa da duwatsun murjani, ya ɗaure shi a turke sau ɗaya a gabanta, da igiyar da ya ga dama. Daga ranar ba mai taɓa igiyar. In ta tsinke don kanta, ruwa ya kawo, shi ke nan.

Clarrie ya tafi gida yana murmushi, ya kwance igiyar shanyar Nola. Igiyar nan ta sha rana ta sha sabulu, da farce ma kana iya tsinka ta. Na ce a raina, mako guda ya yi yawa.

Ni na tuƙa su, shi da Glenys, zuwa turken, wani tsohon injin tarakta da aka nutsar da sarƙa. Yana zaune a goshin kwalekwale da igiya a cinya, yana ta tsokanarta.

"Ki fara koyon gaisuwar, Hukuma. Da rusunawa nake so."

"Ka ɗaure mu tafi, mijin Yaya, rana na dukana."

"Ko ki zo da fure. Amma na gida, kada ki kama kanki."

Yana magana, hannuwansa na aikinsu. Ni ina fuskantar baya, ban lura ba sai da ya yi shiru. Na waiga, na ga yana kallon cinyarsa. Ya ninka igiyar gida huɗu, ya kitse ta tsaf, ya gama da ƙullin madaurin hawa, wanda ubansa ya koya masa da bulala, ƙullin da ran mutum ke rataya a kai a ƙololuwar bishiya. Shekara hamsin hannun nan bai taɓa ɗaura abin da zai kwance ba, kuma bai nemi shawararsa ba ranar.

"Bari in sake," ya ce.

"Sau ɗaya muka ce."

Sabo turken wawa. Na faɗa masa haka a kan hanyar komawa, bai ko zage ni ba.

To, daga nan kentiya ta fara zaman kwalekwale. Kowace safiya Clarrie ya ari nawa jirgin, wato ya are ni, ya tafi da jarkar ruwan sama da butar shayi da kofi biyu. Ya sha ɗaya, ya kurɓi ɗayan sau biyu ya juye mata. Ya goge mata gishiri daga ganye, ya girgiza ta, ko da yake yanzu iska ta ishe ta. Yana ba ta labarin gari: wa ya faɗi a keke, saniyar wa ta shiga filin jirgi.

Shekarar farko aka yi guguwar da ta kwashe rufin zauren coci, ta watsa jiragen mutane a gaɓa kamar takalma a ƙofar gidan biki. Da gari ya waye muka ruga bakin ruwa. Jirgi ɗaya tak ya rage a tafki, yana zaune daram a turkensa. Mutane suka riƙa zuwa suna yi wa Clarrie jaje, wasu kuma suna roƙon ya zo ya ɗaure musu nasu.

Ya gwada dabaru, ba zan ɓoye masa ba. Ya shafa wa igiyar man shanu don ɓera ya ci, ya manta ɓera ba ya zuwa tsakiyar tafki. Glenys ta zo da kanta ta wanke da sabulu, ta ce man shanu hannu ne. Ya yi wata guda yana zawarcin wata kififiya da ganyen latas, ita kuwa ta ci latas ta bar igiya. Da tukunya ta fashe, ya fara kai mata ƙasar daji a bokiti, tunda doka ba ta hana fitar da ƙasa ba. Ya cika kwalekwalen har baki, ciyawa ta fito, wata tsuntsuwa ta yi ƙwai a ciki. Sai ya je ya sami Glenys.

"Ƙasar tsibiri ce a gindinta yanzu. Ga tsuntsu ma ya shaida. Ashe ta sauka."

"Tsibiri ba ya lilo, mijin Yaya."

Shekaru suka tafi. Kentiya ta yi tsawo har masunta suka riƙa saita hanya da ita. Yara suka tashi suna zaton haka kowane tsibiri yake, da bishiya guda a tsakiyar ruwa. Baƙi na ɗaukar hoto suna tambaya ko wani sabon iri ne, mu kuwa mu ce musu eh, don mu huta. Clarrie ya daina hawa, gwiwa ta ƙi. Glenys ta yi furfura, lokacin ajiye aikinta ya zo ya wuce, ta ƙi ajiyewa. Ta ce duk wanda zai gaje ta, ko dai ya ƙone bishiyar ko ya yi tausayi ya sauke ta, kuma ba ta yarda da ko ɗaya ba.

Ni dai na gaji, kuma na faɗa. Na ce masa wuƙa tana aljihuna, kifi ba ya ba da shaida.

"Nola za ta sani," ya ce.

"Nola cewa ta yi ka kawo ta gida, ba ta ce ka kashe Wal da tuƙi ba."

"In na yanke, baƙuwa ce har abada. Kowa ya wuce zai ce ga wadda aka shigo da ita ta bayan gida."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi yawa. Na ci gaba da tuƙi.

Igiyar da ta gagari guguwa ta tsinke ne wata ranar Lahadi da hantsi, ruwa kwance kamar a faranti, ko ganye ba ya motsi. Matar fasto ce ta hango ta taga ana tsakiyar waƙa. Coci ya watse, mutanen ɗaya cocin da suke hutunsu ran Asabar suka bar gonakinsu, kowa ya jefar da keke a ciyawa. Glenys ta iso da hular aiki a kan rigar coci, ta bi layin mutane tana cewa, "Hannu a baya. Kowa hannu a baya. Kai, na ga bakinka, wanda ya hura iska na gan shi."

Haka muka tsaya, tsibiri guda, hannu a baya, muna kallon bishiya tana shawara. Ta matso kaɗan, ta tsaya. Ta juya ta ba mu baya. Aka kawo wa tsofaffi kujeru, wata ta zagaya da soyayyen kifi tana sa wa mutane a baki.

Da rana ta take, ruwa ya fara janyewa, kuma a nan dariya ta ƙare. In ruwa zai fita daga tafki, ta ƙofar arewa yake bi, inda murjani ya rabu, bayanta kuwa babu komai sai teku har ƙarshen duniya. Kwalekwalen ya juya hanci ya bi, sannu a hankali, yana bin gefen gaɓa.

Clarrie ya shiga ruwa da takalmansa. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya tsaya daidai inda za ta wuce. Ta zo har ganyenta na shafar hularsa. Miƙa hannu kawai zai yi ya kama bakin jirgin, ya tsira da ita, a koma turke a sake sabon zama, shi kuwa ya haura saba'in.

"Kama ta, Clarrie," na ce. "Kama, ma sake wata dabara."

Na dubi Glenys. Wallahi ta juya ta ba ruwan baya, tana kallon dutse, tana gyara hula. Duk tsibirin ya ga ta juya, kuma duk mun san abin da take nufi.

Clarrie ma ya gani. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, kamar ɓarawon da aka ritsa, ya bar su a can. Kwalekwalen ya goge shi ya wuce. Na ji yana cewa, ba da ƙarfi ba, "Ke dai kin san hanya."

Ta kusa bakin ƙofa, har ruwan ya fara canza launi a ƙarƙashinta, sai ƙaramar iskar la'asar ta taso daga teku, wadda ke zuwa kullum ba mai kula ta. Da bishiyar da ta koɗe a baranda ce, da ba abin da iskar za ta yi da ita. Wannan kuwa ta yi kai, ganye ya yi faɗi ya yi ƙarfi. Iska ta cika shi, kwalekwalen ya tsaya, ya yi 'yar gardama da ruwa, ya juyo. Ta taho a karkace, ba ta sauri, ta zo ta soki rairayi can ƙarshen gaɓa. Da ruwa ya sake cika, ya tura ta har bakin ciyawa. Katakon ƙasan ya riga ya ruɓe, saiwa ta daɗe da huda shi, jirgin ya buɗe kawai ya zauna. Ta tsaya a jirkice, rabin saiwarta a waje.

Glenys ta tako gabanta, ta cire hula, ta rusuna har gwiwarta ta yi ƙara.

"Sannu da zuwa," ta ce.

Washegari da safe na bi Clarrie, don ƙafata ta saba. Ya ɗauro butar shayi da kofi biyu a bayan keke. Muka tarar Glenys ta riga mu. Ta kafa turaku ta kewaye bishiyar da guntun igiyar shanya, ita kuma ta tsaya ƙiƙam ta gabas, inda inuwarta ke faɗawa kan saiwar da ke waje.

"Hukuma, me kike yi?"

"Tsayuwa nake. Inuwa ba hannu ba ce."

Ya yi dariya, ya tsiyaya kofi biyu, ya ɗaga ƙafa zai ƙetare igiyar.

"Mijin Yaya," ta ce a hankali. "'Yar ƙasa ce yanzu. Ba a taɓa ta, ba a girgiza ta, ba a ba ta komai. Yadda sauran suke a daji, haka za ta yi."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Duk shekarun nan babu wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu, har shi. Ya sauke ƙafar a waje. Ya dubi bishiyar, ya dubi kofin da ke hannunsa na hagu, tururi na tashi, ya rasa inda zai kai shi. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a fili irin na safiyar nan ba, sai na kama duba tayar kekena.

"Kawo nan," in ji Glenys.

Ta karɓa ba tare da ta gusa daga inda take ba. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Sukari nawa ka zuba a ciki?"

"Yadda take sha."

Ta riƙe kofin da hannu biyu ta shanye tas, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba. Ta miƙa masa.

"Gobe ka rage sukarin," ta ce.

Bai taɓa ragewa ba, ita kuma ba ta taɓa fasa zuwa ba, har shekarar da muka binne shi kusa da Nola.